Yawuri: Kiɗan Da Ya Wuce Mu Da Wanda Ya Saura

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa zama a gaban makaɗin fada yana waƙa, 'yan amshi suna karɓa, sanƙira yana kirari, jama'a suna sowa, ya san cewa abin da ke cikin kaset inuwa ce kawai ta abin da ya faru a fili. Da yawa daga cikinmu masu sha'awar kiɗan Hausa a yau da inuwar muka tashi. Mun haddace waƙoƙin mutanen da ba mu taɓa gani ba, muna gardama a kan wanda ya fi wani azanci, alhali ko sau ɗaya ba mu tsaya a dandalin da suka tsaya ba. A kan wannan rashi nake son mu ɗan yi nazari, musamman ta fuskar ƙasar Yawuri, inda rashin ya zo ta hanyoyi fiye da ɗaya.

Mai karatu, duba lissafin da kanka. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Dokta Mamman Shata ya rasu a watan Yunin 1999. Hajiya Barmani Coge ta bi su a 2013, sai Ɗanmaraya Jos a watan Yunin 2015. Shi kuwa Ibrahim Narambaɗa tun kafin a haifi mafi yawan masu karanta wannan shafi ya bar duniya. Ke nan ma'aikacin banki ko likita ko lauya ɗan shekara talatin da biyar, wanda Bakandamiyar Shata ke tashi a motarsa kullum safiya, yana firamare lokacin da aka rufe mai ita a Daura. Ba sakacinsa ba ne, zamani ne ya raba su.

Wannan ciwo ba mu kaɗai ke fama da shi ba. A Turai da Amurka ma masoya kiɗan jita suna da irin nasu, kuma sun mayar da shi kasuwa. A watan Oktoban 2022 aka shirya wani gagarumin wasa a Las Vegas mai suna When We Were Young, aka tara ƙungiyoyin da suka yi tashe a tsakanin samari a farkon ƙarnin nan, irin su Paramore da My Chemical Romance, domin waɗanda ba su samu ganinsu a zamanin ƙuruciya ba su fanshe. Mutane suka yi tafiyar dubban kilomitoci, amma ranar farko iska mai ƙarfi ta sa aka soke wasan. A Ingila kuma ƙungiyar Oasis, wadda ta watse a 2009, ta sake haɗuwa a 2025, aka yi ta rububin tikiti. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne, mafi yawan nasu rabuwa suka yi, kuma wanda ya rabu yana iya shiryawa. Sannan da yawa daga cikin wasannin da suka yi akwai hotonsu a ajiye. Mu kuwa namu ƙasa ta rufe su, kuma abin da aka ɗauka bai kai cikin cokali ba.

To me mutum yake rasawa idan bai ga wasan makaɗi da idonsa ba? Da farko dai yana rasa waƙar kanta. Waƙar baka ta Hausa ba a rubuce take ba, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Akwai gindinta, wanda ba ya canzawa, akwai kuma ɗiyanta, waɗanda jagora yake ƙarawa ko ragewa gwargwadon wanda ya gani a wurin. Idan wani basarake ya shigo, nan take za a saƙa sunansa da na kakanninsa. Idan wani ya yi kyautar riga ko doki ko kujerar Makka, kafin ya koma mazauninsa ya shiga waƙa. Idan abokin hamayyar ubangida yana kusa, sai habaici da zambo su fito, jama'a su gane wanda ake nufi ba tare da an ambaci suna ba. Saboda haka waƙa ɗaya tana iya zama iri goma a dare goma. Wadda muke ji a kaset guda ce daga cikinsu, sau da yawa ma wadda aka yi a ɗakin ɗaukar murya, babu sarki babu jama'a. Tsohon faifan garmaho kuwa minti uku ko kusan haka yake ɗauka a kowane gefe, don haka waƙar da ake kwashe rabin sa'a ana yi dole a datse ta.

Na biyu, yana rasa aikin hannu da na jiki. Kunne ba zai gaya maka yadda makaɗin kalangu yake matse tsarkiya a hammata har ganga ta yi magana ba, ko yadda masu kotso da taushi suke sarrafa fata da yatsu, ko yadda Ɗanmaraya yake fitar da duk abin da yake fitarwa daga tsarkiya ɗaya tak a jikin ɗan kuntigi. Ba zai nuna maka yadda jagora yake ba 'yan amshi umarni da ƙiftawar ido ba. Waɗannan abubuwa ilimi ne, kuma da kallo ake koyonsu. Idan babu mai kallo, babu magaji.

A nan ne maganar Yawuri ta shigo. Duk mai bin tarihin kiɗan fada ya san gidan Ɗandawo. Alhaji Aliyu Ɗandawo, makaɗin taushi, ya yi zaman fadar Kabi a Argungu kafin gidan ya kafu a Yawuri, ɗansa kuma marigayi Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo ya ɗauki tutar, har sunansa ya zama ba a rabe shi da na garin. Sarakuna da manyan ƙasar Hausa da yawa sun shiga bakinsa. Mutanen Yalwa da suka manyanta suna iya ba ka labarin yadda ƙofar fada take cika ranar Sallah idan taushi ya tashi. Yaran da ke tasowa yanzu kuwa a wayar hannu suke jin muryarsa, a gutsuttsure, wani lokaci ma an liƙa wa waƙar hoton wani makaɗin dabam. Wannan shi ne rashi na farko, irin wanda kowane gari ya yi, domin mutuwa rigar kowa ce.

Rashi na biyu na Yawuri ne da maƙwabtanta su kaɗai. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru ya miƙe fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa na bakin Kwara. An tayar da mutane fiye da dubu 40 aka sake masu matsuguni. Daga cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai Gungawa, mutanen tsibiri, manoman albasa da gero, masu su da kokawa. Gwamnatin wancan lokaci ta ƙirga gidaje da gonaki domin ta gina wasu a madadinsu. Amma dandalin da ake kokawa bayan kaka, da gindin bishiyar da 'yan mata ke gaɗa, da mashigin da masunta ke waƙa idan za su shiga ruwa, ba abubuwa ba ne da ke shiga takardar diyya. Kiɗa yana da alaƙa da wuri. Idan aka raba ƙauye biyu, ko aka haɗa uku wuri ɗaya a kan tudu, makaɗin na iya rayuwa, amma taron da yake yi wa kiɗa ya watse. Ga shi kuma harshen Gungawa, wato Reshe, yana ja da baya a gaban Hausa, kuma waƙa ba ta daɗewa bayan harshenta. Wasannin da aka yi a waɗannan tsibirai kafin ruwa ya rufe su, babu wani kuɗi da zai sa a sake ganinsu. Mu da muke kunna lantarkin Kainji mu saurari kaset, ya kamata mu riƙa tuna abin da aka biya kafin wutar ta zo.

Rashi na uku shi ne wanda ke faruwa a gaban idonmu. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, ya zama mutum ɗaya da na'ura ɗaya suna yin aikin da a da sai mutum goma. A wurin biki yanzu sau da yawa mawaƙi faifansa yake sakawa, ya riƙe abin magana yana motsa baki. Ba ina kushe mawaƙan zamani ba ne, akwai masu fasaha ƙwarai a cikinsu, kuma idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Abin da nake cewa shi ne, mai biki ya gano cewa ɗaukar mai na'ura ya fi sauƙi a kan ciyar da tawagar makaɗa da sallamarsu, don haka ɗan makaɗi ya ga babu abinci a sana'ar ubansa, ya kama acaba. Bugu da ƙari, ga matsalar tsaro. Tun bayan da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, duk wanda ya san yankin ya san yadda tafiyar dare da taron dare suka zama abin tunani. Kiɗan Hausa kuwa mafi yawansa ɗan dare ne. Ko bikin kamun kifi na Argungu, duk da girmansa, sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Idan haka ta faru da babban biki, ina ga wasan ƙauye a Shanga ko Ngaski?

Wani zai ce, a lokacin da ake fama da tsadar abinci da haɗarin jiragen ruwa irin wanda ya ci rayuka masu yawa kusa da Wara a watan Mayun 2021, wa ke ta kiɗa? Wani kuma zai kawo maganar addini, wadda malamai suka daɗe suna tattaunawa a kanta, kuma ba fagena ba ne. Amsata ita ce, ko wanda bai taɓa taka rawa ba yana buƙatar tarihi. Waƙoƙin fada suna ɗauke da jerin sarakuna, da sunayen garuruwa da yaƙe-yaƙe, da kalmomin da ba a ƙara jinsu a bakin kowa. Masana sun daɗe da gane haka. A 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin Shata, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa a littafi. Ita kanta Yawuri ta haifi masanin tarihi irin Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya fara bincikensa da tarihin masarautar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hoto mai motsi na cikakken wasa, daga farko har ƙarshe, da bayanin wanda ya yi, da inda aka yi, da ranar da aka yi.

Akwai darasi a maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, Malam Maman Barka ya ga cewa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma na Tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa domin masu iya shi sun ƙare. Sai ya tafi ya zauna wurin tsohon da ya rage, ya koya, ya fito da shi har Turai. Maman Barka ya rasu a 2018, amma ya bar biram a faifai. Mutum ɗaya ne ya yi wannan. Masuntan Kainji, Sarkawa da Gungawa da Lopawa, su ma suna da nasu, kuma har yanzu akwai tsofaffin da suka yi wayo kafin ruwa ya zo. Wanda yake da shekara goma sha biyar a 1968 yanzu ya haura saba'in. Lokaci ba ya jiranmu.

Don haka ina da kira guda uku. Na farko ga Masarautar Yawuri, wadda Allah Ya ba sarki malami, Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: a ware wa makaɗan gargajiya fage na musamman a bikin Rigata, su yi wasa cikakke da kayan kiɗansu, ba su zama abin rakiyar manyan baƙi na minti biyar ba, kuma a ɗauki hoton komai a ajiye a fada. Na biyu ga sassan nazarin harsuna da na tarihi a jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi: a tura ɗalibai ƙauyukan bakin tafki da na'urar ɗaukar hoto, a kuma bi tsofaffin kaset da ke gidajen rediyo irin na Kaduna da Rima a mayar da su kwamfuta kafin zafi da gara su gama da su. Na uku gare mu ne, 'yan boko masu albashi. Idan za ka aurar da 'ya, ka kira makaɗin garinku tare da mai na'urar, ka sallame shi sallamar mutunci. Idan ka je gida hutun Sallah ka ji ana kiɗa a ƙofar fada, ka tsayar da mota ka fito da 'ya'yanka su gani.

Waɗanda suka wuce sun wuce, sai addu'a. Amma a yau ɗin nan akwai wani mai kalangu ko mai goge ko mai gurmi a wani ƙauye na ƙasar Yawuri, wanda nan da shekara ashirin za a riƙa neman muryarsa ana cewa ina ma an ɗauka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiyar da za mu sake taruwa a dandali ba tare da fargaba ba, amin.