Haƙƙin mallakar takardun RFC

Takardun RFC su ne rubuce-rubucen da ke ɗauke da ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai a intanet, kamar TCP da IP da HTTP. Ƙungiyar IETF ce ke tsara akasarin waɗannan ƙa'idoji. Kowa na iya karanta takardun da kwafarsu kyauta, amma duk da haka suna da masu su a idon doka.

Tarihi

Steve Crocker ne ya rubuta RFC ta farko a ranar 7 ga Afrilu, 1969, lokacin yana ɗalibi a jami'ar UCLA da ke Amurka. Takardun farko ba su ɗauke da sanarwar haƙƙin mallaka. A shekarar 1996, RFC 2026 ta tanadi a riƙa sa sanarwar da sunan ƙungiyar Internet Society. A shekarar 2005 aka kafa IETF Trust, wata hukumar amintattu da aka danƙa wa riƙon waɗannan haƙƙoƙi.

Tsarin da ake bi

RFC 5378, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2008, ita ce ta fayyace tsarin. Marubuci ba ya rasa mallakar abin da ya rubuta, sai dai yana ba IETF Trust izini na dindindin, wanda ba a janyewa kuma ba a biyan kuɗi a kansa, na bugawa da yin gyara. Wannan ne ke ba injiniyoyi damar sabunta tsohuwar ƙa'ida ba tare da sun koma neman yardar marubucinta ba.

An yarda a rarraba takarda ko a fassara ta, amma ba a yarda a sauya rubutunta a wajen IETF ba, don kada a samu kwafi biyu masu saɓa wa juna. Lambobin manhaja da ke cikin takardun kuwa suna ƙarƙashin lasisin BSD, wanda ya halatta sauyi.

Haƙƙin ƙirƙira

Mallakar rubutu daban take da mallakar fasahar da rubutun ya bayyana. RFC 8179 ta 2017 ta wajabta wa mahalarta su bayyana duk wani haƙƙin ƙirƙira da suka san ya shafi gudummawarsu. IETF ba ta yanke hukunci kan ingancin irin wannan iƙirari.

Suka

Masu haɗa manhajar Debian ba sa sanya takardun RFC masu wannan sharaɗi a babban rumbunsu, domin hana sauya rubutu ya saɓa wa ƙa'idojinsu na manhaja mai 'yanci.