Toshewar Ƙofofin Maiƙon Fatar Ido a Yara da Maganin Ɗigawa

A bakin fatar ido, daga bayan gashin ido, akwai jerin ƙananan ƙofofi da ke fitar da wani maiƙo. Likitan Jamus Heinrich Meibom ne ya yi bayaninsu a 1666, shi ya sa suke ɗauke da sunansa. Maiƙon yana shimfiɗuwa a kan hawaye ya hana su saurin bushewa. Idan ya daskare ya toshe ƙofofin, sai ido ya bushe, ƙwayoyin cuta su yawaita a bakin fatar, ta kumbura.

An fi sanin matsalar a manya, don haka a yara akan daɗe ana yi mata kallon apolo. Alamunta su ne jan ido mai tafiya yana dawowa, kwantsa a gindin gashin ido, gudun haske, da hazbiya a kai a kai. Hatsarin yana ga baƙin ido: kumburin kan bar masa tabo, kuma yaron da idonsa ya dushe yana ƙarami ba lalle ganinsa ya dawo daidai ba.

Tushen magani shi ne gasa fatar ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a matsa a hankali, a goge bakinta kullum. Idan hakan bai isa ba, likitoci kan ƙara azithromycin na ɗigawa, wato maganin da ake rabawa a arewacin Najeriya da Nijar domin yaƙi da amosanin ido, sai dai wancan na sha ne. Bayan kashe ƙwayoyin cuta yana rage kumburi, kuma yana daɗewa a cikin fatar, shi ya sa akan ɗiga shi na 'yan kwanaki, a huta, a maimaita. Wannan sauƙi ne babba ga duk uwar da ta taɓa kokawar buɗe idon yaro mai kuka.

Doxycycline da ake ba manya ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, saboda yana rina haƙora. In ciwon ya yi tsanani akan ba shi erythromycin ko azithromycin na sha.

Ciwon kan dawo da zarar an daina gasa fatar idon, ko da an gama maganin. Abin da ya fi ɓarna shi ne sayen maganin ɗigawa mai sitiroyid a kemis ba da umarnin likita ba: jan idon zai washe da wuri, amma daɗewa a kansa na iya jawo hawan jinin ido da yanar ido.