Shin Ko Kun San? Kaka, Ginshiƙin Gida

Shin ko kun san a Maradun, Bakura da Talata Mafara, kamar sauran ƙasar Hausa, mace mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki? Can uwarta, kakar jariri, ke tsaya mata da wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in.

Shin ko kun san gidan kaka ake yawan kai yaro yaye? Ɗan fari ma, wanda uwa ke jin kunyar kiran sunansa, a wurin kaka yake sakewa. Ita ce mai kiran jikanta "maigidana", jikanya kuma "kishiyata".

Shin ko kun san Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun lokacin da yake wa'azi a Zamfara, jikan malama ne? Kakarsa ta wajen uwa, Ruƙayya, sananniya ce a fagen ilimi.

Shin ko kun san 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta zaɓa su jagoranci ƙungiyar mata ta 'Yan Taru? Jaji ake kiran kowacce, ana ba ta malfa, ta kai karatu ga matan ƙauyuka.

Shin ko kun san a mazhabar Malikiyya, idan uwa ta rasu ko ta rasa haƙƙin reno, kaka ta wajen uwa ce ta farko a layi? A gado kuma tana da sudusi idan babu uwa.

Shin ko kun san binciken da Rebecca Sear da Ruth Mace suka fitar a 2000 kan ƙauyukan Gambiya ya nuna yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun abinci mai gina jiki, sun fi tsallake mutuwar ƙuruciya?

Shin ko kun san a Ajantina kakanni mata sun kafa ƙungiya a 1977 don neman jikokin da mulkin soja ya sace? Sun gano fiye da 130.

Shin ko kun san a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni su zauna kan benci a harabar asibiti, suna sauraron masu ciwon damuwa?

Duk mai kaka a raye, ya ziyarce ta, ya kula da cinta da maganinta, ya tambaye ta tarihin gidansu tun tana iya ba da shi.