Ko Kun Sani? Ƙamshi a Ɗakin Haihuwa

A asibitin John Radcliffe na Oxford, Ingila, ungozomomi sun gwada man ƙamshi, irin na lavenda da lubban, a kan mata 8,058 masu naƙuda daga 1990 zuwa 1998, kuma fiye da rabinsu sun ce ya taimaka musu. Wani zai ce ai bitar binciken likitanci da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2011 ba ta ga ya rage zafin naƙuda ba. Haka ne, amma fargaba ma tana wahalar da mai haihuwa: jiki ya ɗaure, numfashi ya rikice. Ɗigo biyu na man a ƙyalle kusa da hanci na iya kwantar da hankali, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba a shansa, ba a kuma shafa shi tsantsa a fata.