Laƙabi: ma'anarsa, asalinsa da inda yake jawo matsala

A Minna, idan ka ce "Maradona" a majalisar dattawa, ba ɗan ƙwallon Ajantina za a fara tunawa ba. Janar Ibrahim Babangida ake nufi, ɗan garin da aka haifa a 1941, wanda ya mulki Najeriya daga 1985 zuwa 1993. 'Yan jarida ne suka laƙa masa sunan saboda yadda yake yanke 'yan siyasa kamar ana murza leda. Wannan shi ake kira laƙabi.

Kalmar daga Larabci muka aro ta, "laƙab", wato sunan da ake kiran mutum da shi bayan sunansa na yanka. Wasu kan ce inkiya. Yana iya fitowa daga ranar haihuwa, kamar Ɗanjuma da Asabe, ko daga sana'a, kamar Mai Shayi, ko daga garin mutum.

Akwai kuma alkunya, ita ma daga Larabci. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya kama sunan surukinta ba, sai ta riƙa cewa Abba ko Babangida. Ka ga ke nan shi kansa sunan da duniya ta san Janar ɗin da shi, irin na alkunya ne.

Laƙabi daban, sunan bogi daban. Laƙabi jama'a ne ke ba ka, kowa ya san kai ne. Sunan bogi kuwa mutum ne ke ƙirƙira wa kansa don ya ɓoye ko wane ne shi.

To ina matsalar take ga mu mazauna kudu? A Sabo ta Ibadan ko Agege, mutum sai ya shekara ashirin ana kiransa Ɗan Minna, abokan zamansa ba su san sunansa na yanka ba. Ranar da aka kama shi, ko aka kwantar da shi a asibiti, 'yan uwa su zo daga gida suna cigiya da sunan da babu wanda ya sani. Haka a banki: suna ɗaya a BVN, wani daban a NIN, kuɗinka su maƙale.

Don haka ɗan uwa, riƙe laƙabinka a kasuwa. Amma a takarda, sunan yanka da na mahaifi, iri ɗaya a ko'ina. Kuma ka tabbata Sarkin Hausawan unguwarku da mutum biyu a cikin abokan zamanka sun san shi.