Galmi: me ya sa Kiristocin mishan ke cewa aikin kirki ba ya sayen ceto?

Duk wanda ya taɓa ɗauko marar lafiya daga Babban Katami, ko Buza, ko Keita, ya sauko Madawa ya bi kwalta zuwa asibitin Galmi, ya san addu'ar da ake yi idan an samu sauƙi: Allah ya ba ma'aikatan nan lada. Wasu kan ƙara da cewa ai mutanen nan Aljanna suke nema da aikinsu. To a nan ne fahimta ta saɓa, domin Kiristocin da suka kafa asibitin ba su yarda cewa jinya, ko sadaka, ko azumi, na iya saya wa mutum tsira a lahira ba.

Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe asibitin a 1950. Ta fara aiki a Nijar ne a Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma daga aikinta ne majami'ar EERN ta samo asali. Dukansu ƴan Furotesta ne na ɓangaren masu bishara, kuma ginshiƙin koyarwarsu shi ne ceto ta wurin bangaskiya kaɗai.

Ga yadda suke bayani. A wurinsu kowane ɗan Adam mai zunubi ne, kuma zunubi kamar bashi ne da ya fi ƙarfin mai shi. A ɗauki manomin albasa da bashi ya kai wa wuya, ko ya sayar da amfanin shekara goma ba zai biya ba. Sai wani ya zo ya biya masa duka. Abin da ya rage gare shi shi ne ya amince an biya, ya karɓi takardarsa. Kiristoci sun yi imani Yesu Almasihu ne ya biya wannan bashi da mutuwarsa a kan gicciye, amincewar kuwa ita ce bangaskiya. Kyautar da ba a cancanta ba suna kiranta alheri, kalmar da Bahaushe ya riga ya sani, sai dai a majami'a ta ɗauki nauyi na daban. Hujjarsu tana cikin wasiƙun Manzo Bulus, musamman ta Romawa da babi na 2 na Afisawa, inda ya nuna ceto baiwa ce don kada kowa ya yi fahariya da aikinsa.

Tambayar da kowa ke yi a nan, kuma tambaya ce mai kyau: ke nan mutum ya sheƙe ayarsa tunda an biya masa? Cikin Littafi Mai Tsarki kansa, wasiƙar Yakubu ta kwatanta bangaskiyar da ba aiki da gawa. Amsar fastoci ita ce aiki yana biyo baya, kamar yadda mangwaro ke yin ƴaƴa saboda icen yana da rai. Ba ƴaƴan ne suka ba shi rai ba. Likitan da ya kwana ɗakin tiyata, a wannan fahimta, godiya yake yi kan abin da ya riga ya samu. Wanda kuma ya ce ya ba da gaskiya amma halinsa bai canza ba, sai a yi shakkar bangaskiyar tasa.

Wannan magana ta taɓa raba Turai biyu. A 1517 wani malamin majami'a Bajamushe, Martin Luther, ya rubuta hujjoji 95 a garin Wittenberg yana sukar sayar da takardun sassauta horon zunubi, waɗanda ake tara kuɗinsu don ginin majami'ar Bitrus a Roma. Fafaroma ya kore shi a 1521. A 1547 babban taron Katolika na Trent ya ba da amsa: alherin Allah ne farko, amma mutum yana ba da haɗin kai, kuma ayyukan da ya yi cikin alherin suna da lada. Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu kan sanarwa ɗaya cewa ta alheri ake samun ceto, kuma alherin ne ke motsa mutum ga aikin kirki. Ba duk masu bishara ne suka gamsu da ita ba. Shi ya sa fada na Katolika a Tawa, wadda ke ƙarƙashin diyosis ɗin Maraɗi tun 2001, da fasto na Galmi za su iya ba ka amsa biyu masu kama da juna amma ba ɗaya ba.

Musulmi mai karatu zai ji wani abu da ya sani. Akwai hadisi cikin Buhari da Muslim da ke nuna ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Amma kada a gaggauta cewa abu guda ne: a Musulunci imani da aiki na gari tafe suke tare, akwai mizani, ba mai ɗaukar laifin wani, kuma Alƙur'ani bai yarda an gicciye Annabi Isa ba. Bambancin na gaske yana kan wanda ya biya bashin, ko ma ana iya biya wa wani.

Koyarwar ta bar sawu a ƙasar nan. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, cikin littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta nuna yadda SIM ta daɗe tana fifita wa'azi a kan buɗe makarantun boko, abin da ya jawo mata ƙorafi daga Kiristocin gida da ke son ƴaƴansu su yi lakwal. A Galmi ma wa'azi bai rabu da jinya ba tun ranar farko, ko da yake mafi yawan waɗanda ke kwance a gadajen Musulmi ne, kuma Musulmi suke komawa gida.