Masunta da Masu Nutso a Madatsar Ruwan Challawa

Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gina a ƙaramar hukumar Ƙaraye tsakanin 1990 da 1992, ta tare kogi har ruwan ya malala zuwa ƙasar Rogo, ya zama abin dogaro ga masunta da manoman rani, ya kuma zama wurin da samari ke zuwa iyo da nutso idan zafin bazara ya tsananta a watannin Maris da Afrilu. Mai neman abinci da mai neman nishaɗi suna shiga ruwa ɗaya, sau da yawa a lokaci guda, alhali babu wanda ke ganin abin da ɗan'uwansa ke yi a ƙarƙashi.

Mashi da zago, wato mashin da ake ɗaura wa igiya domin a janyo abin da aka soka, suna cikin tsofaffin kayan su a ƙasar Hausa, duk da cewa raga da ƙugiya sun fi su yawa a yau. Mai mashi yana laɓewa ne a bakin ciyayi, yana jiran motsin tarwaɗa ko ragon ruwa, kuma da yake ruwan madatsa yakan gurɓace da laka, musamman bayan saukar damina, motsi kawai yake bi, don haka ƙafar yaron da ya yi nutso kusa da shi ba ta da bambanci da kifi a wurinsa. Sai dai haɗarin da ya fi wannan shi ne na kayan da ake bari su kwana a ruwa. Kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa domin ta sarƙe kifi, ana saƙa ta da zaren roba siriri wanda ido ba ya gani a ƙasa, mamari kuwa doguwar igiya ce mai ɗauke da ƙugiyoyi barkatai, kuma wanda ɗayansu ya kama wa ƙafa, duk ƙoƙarin fizgewa ƙara ɗaure shi yake yi.

Akwai kuma wata al'ada da samari ke ɗauka gwaninta ce, ta jan numfashi da sauri sau da yawa kafin nutsewa domin a daɗe a ƙasa. Abin da ke sa mutum jin bukatar shan iska shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, to idan aka rage ta da wannan haki na ganganci, sai iskar oksijin ta ƙare kafin jiki ya yi gargaɗi, mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ko fafutika ba. Gwanaye ne wannan ya fi ci, domin su ne ke gasar daɗewa, kuma sau da yawa akan ɗora laifin a kan iskokin ruwa.

Ƙasashen da nutso da tulun iska ya zama abin shaƙatawa, tun bayan da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a 1943, sun fuskanci karo irin na masunta da masu iyo, tsakanin masu harbin kifi da masu yawon buɗe ido a ƙarƙashin teku. Faransa ta haramta harbin kifi ga wanda ke ɗauke da tulun iska, a Amurka kuwa ana kafa jar tuta mai farin layi a gicciye domin jiragen ruwa su san akwai mutum a ƙasa.

Ƙaraye da Rogo ba su bukatar aro wata sabuwar hukuma kan wannan, tunda sarautar sarkin ruwa tsohuwa ce, kuma aikinta ke nan tsara wanda zai shiga ruwa da inda zai shiga. Ya kamata sarakunan ruwa da dagatai su ware mashigar iyo nesa da wuraren kafa raga da kuma bakin mafitar madatsar, inda ruwa ke ja da ƙarfi, su kuma wajabta wa kowane masunci ɗaura gora ko jarka mai launi a kan kallinsa. Mai nutso kada ya shiga shi kaɗai, ɗaya ya sauka ɗaya ya tsaya a sama yana kallo, kuma ya riƙe ƙaramar wuƙa a kube domin yanke zare idan ya sarƙe shi.